Ba Kowace Motar Da Ta Ƙi Tashi Ce Ke Neman Sabon Batir Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata matsala da wasu za su ga ba ta kai a rubuto wa jarida wasiƙa ba, alhali kuwa babu safiyar da za ta waye a garin nan na Kaduna ba ta ci kuɗin wani magidanci ba, wato ƙin tashin mota da irin asarar da ke biyo bayansa. Na yi aikin tuƙi a wata ma'aikatar gwamnati shekaru masu yawa, daga baya aka ɗora mini kula da motocin ma'aikatar har zuwa lokacin da na yi ritaya. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gaban buɗaɗɗen bonet na koye shi, saura kuma aljihuna ne ya biya kuɗin karatun.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a layinmu a Tudun Wada cikin hunturun da ya wuce. Maƙwabcina malamin makaranta ne, yana da wata Corolla 'yar Kwatano da yake lallaɓawa. Wata safiya ya zuba yara a mota zai kai su makaranta, ya murɗa makulli, sai motar ta yi ƙas-ƙas-ƙas ta yi shiru. Aka kira masa mai batir, wanda ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukuncin cewa batir ya mutu. Malam ya ciwo bashi ya sayi sabo, aka karɓi tsohon aka rage masa wani abu a kan kuɗin kamar yadda aka saba. Kwana uku motar tana tashi lafiya, a rana ta huɗu ta koma gidan jiya. A ranar ce ya tare ni muna fitowa daga sallar asuba, ya ce, "Baba, don Allah zo ka duba mini, ina jin jabun batir aka sayar mini." Na shiga gida na ɗauko tocila da sifana mai lamba 10 na bi shi. Da na kama kan batir na ɓangaren baƙar waya da yatsu biyu, sai ya juya a hannuna kamar murfin kwalba. Maƙallin ya buɗe tun tuni, wani ya taɓa cusa ƙusa a tsakani don ya kama, ga kuma wani farin gari mai ratsin kore ya cinye cikinsa. Muka wanke da ruwan zafi, muka kankare da wuƙa, na matse shi da filaya, motar ta tashi da ki ɗaya. Da hantsi ya sayo sabon maƙalli a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ga dukkan alamu tsohon batir ɗin nan lafiyarsa lau, amma ya riga ya bi hannun mai shago.

Ban kawo wannan labari don in ci fuskar kowa ba. Na kawo shi ne domin ya nuna wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, masu mota da masu gyara baki ɗaya, wato fara saye kafin fara bincike. A sayi batir, in ba a dace ba a sayi famfon mai, in ba a dace ba a canza fulogi, haka za a yi ta lalube a duhu har Allah Ya sa a faɗa kan abin da ya lalace, ko kuma kuɗi su ƙare a jingine motar a ƙofar gida. Alhali kuwa motar da ta ƙi tashi kusan kullum tana ba da alamar ciwonta, kuma alamar farko a kunne take. Mai mota ya kashe rediyo da iyakwandishan, ya sauke gilashi, ya murɗa makulli, ya saurara. Tambayar da ya kamata ya fara amsa wa kansa guda ɗaya ce: shin injin yana juyawa ko ba ya juyawa? Amsar nan ita ce ke raba matsalar gida biyu, domin injin da ba ya juyawa ba ruwansa da mai ko fulogi, injin da ke juyawa da ƙarfinsa kuwa ya riga ya wanke batir da kik, wato na'urar da ke juya injin don ya tashi, daga zargi.

Idan injin bai juya ba, ko ya juya da kyar yana gurnani kamar mai jan kaya a hawa, to maganar wuta ce, sai dai wuta ba batir kaɗai ba ce. Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko sisi: a kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba yana kallo, a murɗa makulli. In fitilun suka dusashe kamar za su mutu, wutar da ke isowa ba ta wadatar ba, ko dai daga batir ɗin kansa ko daga mahaɗarsa. In kuwa suka tsaya da haskensu ƙyam amma injin bai motsa ba, sai a bar batir a zauna lafiya, a nemi laifin a gaba. Dalilin da ya sa sakwarkwataccen kan batir ke yaudarar mutane shi ne, rediyo da fitilar cikin mota wuta kaɗan suke sha, suna iya kamawa ko da mahaɗar ta yi tsatsa, amma kik yana jan wutar da ta ninka tasu nesa ba kusa ba a cikin ɗan lokaci, kuma irin wannan wuta ba ta bi ta ƙunƙuntar hanya. Haka nan akwai kaurarar wayar da ke haɗa batir da jikin mota da kuma injin, wadda ba kasafai ake tunawa da ita ba sai ta ruɓe ko wani ya manta bai ɗaure ta ba bayan an sauke giya.

Shi kansa batir ba a sanin lafiyarsa da ido, ko ta hanyar goga waya a kansa a ga tartsatsi. Ƙaramar mitar awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo ke riƙewa, ita ce alƙali. Batir ɗin ƙaramar mota ɗakuna shida ne a cikinsa, kuma idan ya cika, ya kuma huta na wasu sa'o'i, mita za ta nuna kusan 12.6. In ta nuna 12.2 ya kai rabi, in ta sauka ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Bayan an tayar da injin sai a sake aunawa, a nan ana son a ga wajen 13.5 zuwa 14.5, wanda ke nuna altaneta tana mayar wa batir abin da aka ci. Idan injin yana aiki amma mita ta tsaya a 12 da ɗan wani abu, to ko sabon batir goma aka saya duk za su bi sahun na farko, domin laifin na altaneta ne, ko na fambel ɗin da ke juya ta, ko na wayarta. Jar fitilar nan mai siffar batir da ke kamawa a dashbod ana cikin tafiya, abin da take faɗa ke nan, ba wai a sayi batir take cewa ba.

Mutane da yawa suna ɗora wa sanyin hunturu laifin kashe batir, ni kuwa a sanina zafin Maris da Afrilu ne ke kashe shi, hunturu tona asiri kawai yake yi. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin farantan da ke ciki a hankali ba tare da mai mota ya lura ba, sai safiyar Disamba ko Janairu ta zo, baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa, ƙarfin batir kuma ya ragu saboda sanyi, a nan ne mai rauni ke durƙushewa. A irin yanayinmu, batir ɗin da ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari. Wanda ke da murafu a riƙa duba ruwansa, in ya sauka a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba kuma ruwan famfo ba. Wata sabuwar matsala kuma ta shigo tun bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ƙara gaba. Magidanta da dama sun koma hawa Keke Napep da bas, mota sai ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure. Motar da ke ajiye ba ta daina shan wuta ba, domin agogo da ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, da na'urar bin sawu da aka maƙala mata duk suna tsotsa dare da rana. Tayar da ita minti biyar a ƙofar gida ba ya biyan abin da aka tsotsa. Ko dai a fita da ita a yi tafiya mai ɗan nisa, misali daga Tudun Wada zuwa Kawo a dawo, ko kuma a cire kan batir na baƙar waya idan za ta daɗe a tsaye, in dai motar ba irin wadda rediyonta ke neman lambar sirri ba ce bayan an yanke mata wuta.

A nan ne ya zama dole in tona wa kaina asiri, don kada a ɗauka dattijo ya zo yana yi wa yara faɗa ne kawai. Mu da muka tashi da Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kakuri a kamfanin da ya fara aiki a 1975, mun gaji wasu dabaru da suka yi mana rana a wancan zamani. Ɗaya daga ciki ita ce, in ana son a san ko altaneta tana caji, sai a cire kan batir injin yana aiki. In motar ba ta mutu ba, an ce lafiya lau. Da na yi ritaya na sayi 406, wata rana na ga fitilar batir tana ƙyaftawa, sai na yi abin da hannuna ya saba, har da taka totur don in tabbatar. Motar ta yi wata 'yar shaƙuwa ta mutu, ba ta sake tashi ba sai da aka ja ta zuwa gareji. Yaron da ya duba ta, wanda a haife na haifi wanda ya girme shi, ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Baba, ai wannan ba 504 ba ce, ƙwaƙwalwar kuka ƙona." Gaskiya ya faɗa. Batir ba rumbun wuta kaɗai ba ne, shi ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi, kuma da zarar an zare shi, tsallen nan kan na'urorin mota yake sauka. Tsohuwar mota mai kafireto ba ta da na'urori da yawa da za su ƙone, ta yanzu kuwa kwamfuta ce ke ba ta mai da wuta. Garin neman gira na rasa ido, na biya kuɗin da ya fi na altaneta sau da yawa. Har gobe ina ganin ana yin irin wannan a bakin titi, musamman idan aka aro batir aka tayar da mota, sannan a zare shi injin yana aiki a mayar da mataccen.

Hanyar da ta dace ita ce a bar kowane batir a mazauninsa a haɗa su da wayar aron wuta mai kauri. Jar waya daga kan da ke da alamar tarawa na mataccen zuwa irinsa na mai rai, baƙar waya daga ɗaya kan na mai rai zuwa wani tsiraran ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa kaɗan da batir, saboda batir yana fitar da iska mai kama wuta kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Juya kawunan, ko na ƙiftawar ido ne, yana iya ƙona altaneta da fis da ƙwaƙwalwa a lokaci guda, don haka aikin ba na gaggawa ba ne, ba kuma na duhu ba ne.

Idan wuta ta wadata, fitilu suna haske, amma aka ji ƙwas guda ɗaya tak ko shiru, sai a waiwayi kik. Dukan da ake yi masa da sifana ya tashi ba ƙarya ba ne, yana nuna gawayin da ke cikinsa ya cinye, bugun ne ke sa ya ɗan taɓa. Amma wannan jinkiri ne aka saya, ba magani ba, kuma duka mai ƙarfi yana fasa maganaɗisun da ke cikin kik na zamani. Sau da yawa canza gawayin ya wadatar, ba sai an sayi sukutum ba. Kafin ma a kai ga nan, mai mota otomatik ya tabbata giya tana kan P sosai, in ta ƙi ya taka birki ya gwada a N, domin akwai makunnin da ke hana irin waɗannan motoci tashi a cikin giya, kuma yakan gaji. Makullin da ya ƙi murɗuwa kwata-kwata kuwa yawanci sitiyari ne ya kulle, a ɗan girgiza shi hagu da dama ana murɗawa a hankali. Turi na motar manuwal ne, a giya ta biyu. Mota otomatik ko 'yan unguwa duka za su taru su tura ta daga nan har Mando ba za ta tashi ba.

Ɓangare na biyu, wato injin yana juyawa garau amma ya ƙi kamawa, shi ne inda aka fi yin asara, domin a nan masu shaci-faɗi suka fi samun fili. Abu na farko, a daina murɗa makulli ba ƙaƙƙautawa. Daƙiƙa goma ta isa, a huta, a sake. In an yi sau uku ba ta kama ba, na huɗu ba zai kawo sabon labari ba, sai dai ya ƙarar da batir ya ƙona kik, a tashi da matsala biyu a maimakon ɗaya. A murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa a tsaya, a kasa kunne wajen kujerar baya. A yawancin motocin yanzu za a ji wani siririn zuuu na daƙiƙa biyu ko uku, famfon mai ke nan yana cika layi. In ba a ji ba, ba a ce famfo ya mutu ba tukuna, sai an duba fis ɗinsa da rilensa da soket ɗinsa, waɗanda kuɗinsu duka bai kai rubu'in nasa ba. Fis ɗin da ya ƙone kuma a maye shi da mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa waya ko takardar sigari, domin wannan gyaran gangar Abzinawa ne, ta haka motoci ke kamawa da wuta.

Famfon mai yana zaune ne a cikin tanki, kuma man da ya nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Tsadar mai ta sa da yawa daga cikinmu muna yawo da fitilar gargaɗi a kunne mako bayan mako, ana zuba lita uku ana lissafi, famfo yana zuƙar iska a duk kwana da gangara yana yin zafi, har ranar da zai ce ga garinku nan. Na san halin da ake ciki, ba kuma ina yi wa kowa gorin aljihu ba ne, amma man da za a sha a mako duk ɗaya ne, ko ana zuba shi a kan rubu'in tanki ko a kan busasshen tanki, bambancin kawai shi ne a karon farko a daure a ɗaga shi. Ga kuma geji da ke ƙarya a tsofaffin motoci, da motar da aka ajiye a gangare da ɗan mai kaɗan ya taru a gefe guda. Sai ingancin man kansa. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, ya lalata motoci, ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai. Man bumburutu da ya kwana a jarka ba a san abin da aka gauraya masa ba, kuma duk motar da ta fara shaƙewa jim kaɗan bayan an sha mai a wani sabon wuri, to a fara zargin man kafin a zargi injin. Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da gas ɗin CNG su ma su lura, yawancin irin waɗannan motoci da fetur suke tashi, sai injin ya ɗumama su koma gas, saboda haka barin tankin fetur ƙaf yana hana tashi ko da tukunyar gas a cike take.

Idan mai yana isowa, saura tartsatsi. Fulogi da kwayil sukan ba da sanarwa tun da wuri ta hanyar kakkarwar injin da yawan shan mai, ba kasafai suke mutuwa dare ɗaya ba, sai dai in an wanke injin da ruwa mai ƙarfi a wurin wankin mota, ruwa ya kwanta a ramukan fulogi. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa injin yana juyawa. In ta fara gajiya, motar takan tashi lafiya da safe, amma a je kasuwa a kashe ta da zafinta ta ƙi tashi sai ta huce. Na ga an canza famfon mai sau biyu a kan wannan. Sai makulli. Motoci da yawa na wannan zamani suna da ɗan ƙwayar sirri a cikin kan makullinsu, wanda aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai juya injin, amma ba za ta kama ba, za a ga wata fitila mai siffar makulli tana ƙyaftawa. Masu tashi da dannawa kuwa sau da yawa ɗan batir ɗin rimot ne ya ƙare, a kara rimot ɗin a jikin maɓallin a taka birki a danna. Kada kuma a manta da na'urar hana sata da aka yanka waya aka ɗaura da salatif, da ɓeraye waɗanda ke samun ɗaki mai ɗumi a cikin motar da aka ajiye kusa da buhunan hatsi.

Wurare biyu ne nake roƙon masu karatu su cire hannu daga makulli gaba ɗaya. Na farko, idan mota ta mutu ana cikin tafiya, aka yi mata ki sai injin ya juya da sauri fiye da kullum, da wata murya maras nauyi kamar babu abin da ke riƙe shi, akwai yiwuwar bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul, ya tsinke, kuma a injuna da dama, har da na 406, hakan na sa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa. Duk wanda ya sayi motar hannu mai irin wannan bel, bai san ranar da aka sa shi ba, gara ya canza tun yana tafiya da ƙafarsa zuwa gareji. Na biyu, idan mota ta mutu a cikin ruwa, abin da mazauna unguwannin bakin Kogin Kaduna suka sani sarai a watannin Agusta da Satumba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda aka yi ki, ƙarfen da ke riƙe da fistin ne zai lanƙwashe ko ya karye, ana kukan targaɗe sai ga karaya. A tura ta waje, a cire fulogai, a fitar da ruwan, a duba baƙin mai ko ya koma kalar shayi da madara, sannan a yi maganar tayarwa. Masu motocin dizal kuwa nasu takaitacce ne: su jira fitilar hita ta mutu kafin su yi ki da sanyin safiya, kuma in mai ya ƙare musu ƙaf, sai an fitar da iskar da ta shiga layi.

Ba zan yi wa kanikawanmu rashin adalci ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake ƙera abin da babu shi a kasuwa, ya san Allah Ya yi wa garin nan baiwar masu hannu. Mu masu mota ma muna da namu laifin, domin mu ne ke tsayawa a kan bakanike muna cewa sauri muke yi, kuma mu ne ke jin ƙyashin biyan kuɗin bincike, sai mun ga an cire wani ƙarfe an sa wani muke yarda an yi aiki. Wanda ya san ba za a biya shi ladan ganowa ba, dole ya nemi abincinsa a cikin sayarwa. Amma motocin sun canza, wajibi ne aikin ya canza. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da soket iri ɗaya mai ƙafa 16 a kusa da sitiyari, wanda ake jona na'ura a karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ta gani, Turai ma ta bi sahu ga motocin fetur daga 2001, kuma daga waɗannan wurare ne akasarin motocin da ke kan titunanmu suka fito. Sai dai na'urar ba boka ba ce, unguwar da matsalar take kawai take nunawa, ba gidan ba. In ta ambaci wata na'ura, yana iya zama wayarta ce ɓera ya ci. Shi ya sa nake kira ga shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da masu wayarin, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna wadda take maƙwabtaka da Tsohuwar Panteka, da su ƙara ƙarfafa gajerun darussa da harshen Hausa a kan amfani da mita da wannan na'ura, a lokutan da masu sana'a za su iya halarta ba tare da sun rufe gareji ba.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka duba yiwuwar ware wani ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, inda masu mota za su aiko da tambaya, wani ƙwararren bakanike ko mai wayarin ya amsa da Hausar da kowa zai gane. Maƙwabcin nan nawa ya riga ya sayi mitarsa, ya ajiye ta a aljihun mota tare da sifana mai lamba 10 da 'yan fis. Shekaranjiya ya leƙo ya ce mini ya auna bayan motar ta yi kwana tara a tsaye ya ga 12.1, yana tambaya ko ya kira mai batir. Na ce masa ya bari mu je gaisuwar rasuwa Rigasa da ita bayan la'asar, in mun dawo ta kwana, da safe ya sake aunawa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon direba mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.